Tsawo, Gudun Jifa da Gwiwar Hannu: Yadda Ake Karanta Katin Sabon Majefi a Besbol

Ranar 11 ga Yuli, 2024, a birnin Milwaukee na Amurka, wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Paul Skenes ya hau tudun jifa wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Zango bakwai ya yi yana jifa, 'yan Brewers, ƙungiyar Milwaukee, suna zuwa da sanda ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya samu duka mai amfani ko guda. Mutum 11 ya kora. Saura zango biyu kacal ya kammala wasa ba a dake shi ba, abin da majefa da yawa kan tsufa a sana'ar ba su taɓa samu ba. Sai kocinsa ya ce ya isa haka. Yaron bai ji ciwo ba. Jifa 99 ya yi, kocin kuma ya ce ya hango gajiya a jikinsa. Karo na biyu ke nan cikin wata biyu, domin a watan Mayu ma, a wasansa na biyu a babbar gasa, an zaunar da shi a Chicago bayan zango shida alhali ba a dake shi ba.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ji abin banbaraƙwai, kamar a cire ɗan wasan gaba da ya ci biyu yana neman ta uku a ranar da ƙafarsa ta fi kowace rana zafi. Abin ya fi ɗaure kai idan aka dubi jikin yaron. Tsawonsa santimita 198, nauyinsa ya haura kilo 105. In akwai wanda aka halitta domin ɗaukar wannan kaya, ai shi ne. To in har irin wannan ƙato ma sai an riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai, mene ne amfanin tsawo da nauyin da ake rubutawa a katin kowane sabon majefi, kuma me alƙaluman shekararsa ta farko ke faɗa?

Bari a fara shimfiɗa filin ga wanda bai saba kallo ba. Majefi yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya jefa ƙwallo zuwa ga abokinsa mai cafkewa, wanda ke tsugune a bayan wani faranti da ke ƙasa. Tsakanin inda majefi ke dasa ƙafa da farantin akwai mita 18.44, wato ya ɗan fi zurfin babban da'irar mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. A gefen farantin ɗan ɗaya ƙungiyar ke tsaye da sanda yana jiran ya doke ta. Idan ya doke ta ya kai tasha ta farko ba a fitar da shi ba, shi ne duka mai amfani, in kuma ya zagaye tashoshin ya dawo faranti, an ci maki ɗaya. Idan ya kuskure jifa uku masu kyau, an kore shi. Idan majefin ya yi jifa huɗu da suka kauce wa hanya, an ba mai sanda kyautar tafiya zuwa tasha ta farko ba tare da ya yi komai ba. Fitar da mutum uku shi ne zango ɗaya, wasa kuma zango tara ne, sai in an yi kunnen doki a ƙara. Babbar gasar Amurka, MLB, tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 a kaka, kuma majefin da ke buɗe wasa yakan fito kusan duk kwana biyar.

Shi kuma sabon shiga, a ƙa'idar gasar, majefi ne da bai haura zango 50 a kakannin baya ba, bai kuma wuce kwana 45 a jerin 'yan wasan babbar ƙungiya ba. Shekarun haihuwa ba sa cikin lissafin, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara da kwatanta sababbin shiga da juna. Dwight Gooden yana ɗan shekara 19 ya shigo a 1984. Shota Imanaga ya zo daga Japan a 2024 yana da shekara 30, bayan ya daɗe yana jifa a babbar gasar ƙasarsu. Satchel Paige kuwa yana da shekara 42 aka kira shi sabon shiga a Cleveland a 1948, saboda wariyar launin fata ta hana shi shiga gasar a shekarun ƙarfinsa, ya ƙare su a gasannin baƙaƙen fata. Duk su ukun a layi ɗaya littafin tarihi ya ajiye su.

Masu farautar 'yan wasa, waɗanda ƙungiyoyi ke aikawa makarantun sakandare da jami'o'in Amurka da sansanonin horo na Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, sun daɗe suna da siffar da suke nema. Dogo suke so, mai faɗin kafaɗa, mai dogayen hannuwa, in son samu ne siriri wanda bai gama cika ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka suke aikinsu. Idan suka ga yaro ɗan shekara 16 ko 18 mai tsawon santimita 193 da jiki kamar kara, lissafinsu shi ne in ya ƙara kilo goma na tsoka, gudun jifarsa zai ƙaru. Gajere mai cikakken jiki kuwa sai su ce abin da kake gani shi ne iyakarsa. Shi ya sa matsakaicin tsawon majefa a MLB yake kusan santimita 190, nesa da na gama-garin mazan Amurka.

Son dogo ba camfi ba ne zalla, yana da dalilai biyu da za a iya aunawa. Na farko gangara. Ƙwallon da ta taso daga sama tana sauka a karkace, sanda kuma kusan a kwance take zuwa, don haka wurin haɗuwarsu ƙanƙane ne. Gasar da kanta ta amince da wannan. A 1968 majefa suka danne masu sanda har wasa ya fara gundurar 'yan kallo, shekarar da Bob Gibson na St. Louis ya ƙare kaka ana cin sa maki 1.12 kacal a kowane zango tara. Maganin da aka samo shi ne a rage tsawon tudun daga inci 15 zuwa inci 10 a 1969. Inci biyar aka sare, wasa ya canja.

Dalili na biyu ya fi ban sha'awa, kuma sai da na'urori suka zo aka iya auna shi sosai. Majefi ba daga inda ya tsaya yake sakin ƙwallo ba. Yana taka doguwar ƙafa gaba, ya miƙa hannu, sannan ya saki, yawanci kusan mita biyu gaba da inda ya dasa ƙafar baya. Mai dogayen gaɓoɓi irin Tyler Glasnow, mai santimita 203, yakan saki ƙwallo kusan santimita 30 gaba da inda matsakaicin majefi ke saki. Santimita 30 ba komai ba ne a kunne. Amma ƙwallon da ke gudun kilomita 153 a awa cikin kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa take isowa, kuma a cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne mai sanda zai gane irin jifar, ya yanke shawara, ya kaɗa. Rage tafiyar da santimita 30 daidai yake da ƙara mata gudun kusan kilomita uku a awa a idon mai sanda. Tun 2015, da aka kafa tsarin Statcast a dukkan filayen gasar, ana rubuta wannan miƙa hannun ga kowace jifa, kuma yanzu ƙungiyoyi sun fi duba shi a kan tsawon da ke kati.

Amma tsawo yana da nasa haraji, kuma a shekarun farko ake biyansa. Jifa aiki ne na maimaici. Ƙafa, ƙugu, gangar jiki, kafaɗa, gwiwar hannu da yatsu dole su bi juna a jere, a lokaci ɗaya, sau ɗari a rana ɗaya. Gwargwadon tsawon gaɓoɓin, gwargwadon wahalar tara su wuri guda. Babu misalin da ya kai Randy Johnson, mai santimita 208. A 1989, kakarsa ta sabon shiga, wadda ya fara a Montreal ya ƙare a Seattle, ya ci wasa 7 ya faɗi 13, ana cin sa maki 4.82 a zango tara. Shekara uku a jere, 1990 zuwa 1992, shi ne ya fi kowa ba da kyautar tafiya a rukuninsa, har 152 a 1991. Yana da wuta a hannu amma bai san inda za ta sauka ba. Sai a ƙarshen 1992, bayan gogaggen majefi Nolan Ryan da kocin jifa Tom House sun nuna masa cewa a kan dunduniya yake sauka, abin da ke karkatar da jikinsa, sannan al'amura suka fara daidaita. Kyautar Cy Young, wadda ake ba majefin da ya fi kowa a shekara, sai a 1995 ya fara samunta yana da shekara 30 da 'yan kai. Ya ƙare da guda biyar, da nasara 303, da kora 4,875. Da alƙaluman shekararsa ta farko aka bi, da an sallame shi. Tsawonsa ne ya saya masa haƙuri, kuma a ganina wannan shi ne babban amfanin tsawo a besbol, fiye da gangara da miƙa hannu. Dogo ana jiransa ya gyaru.

Gajere ba a jiransa. Pedro Martínez, ɗan Manoguayabo a Jamhuriyar Dominika, tsawonsa santimita 180 ne a kati, nauyinsa kusan kilo 77. A 1993, kakarsa ta sabon shiga da Los Angeles Dodgers, ya ci wasa 10 ya faɗi 5, ana cin sa 2.61, ya kori mutum 119 a zango 107, yawanci yana shigowa ne a tsakiyar wasa. Alƙaluma masu kyau ƙwarai. Duk da haka a watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar ta musanya shi da Delino DeShields na Montreal, domin shugabanninta suna shakkar ƙaramin jikinsa zai iya jure buɗe wasa shekara bayan shekara. Pedro ya ci Cy Young a 1997 da 1999 da 2000. A 2000 ɗin, lokacin da masu sanda ke cin karensu babu babbaka, maki 1.74 ake cin sa. Har yau ana lissafa wannan musanya cikin mafi muni a tarihin Dodgers. Gajere ba yaro ba ne.

Ba shi kaɗai ba. Tim Lincecum, mai tsawo da nauyi kusan irin na Pedro, ya shigo San Francisco a 2007, ya ɗauki Cy Young a 2008 da 2009, yana cike giɓin tsawonsa da wani taku mai nisa da ya zarce tsawon jikinsa. Billy Wagner, santimita 178, ba bahago aka haife shi ba, karaya biyu a hannun dama tun yana yaro ce ta sa ya koma jifa da hagu, kuma da hagun ya riƙa kai kilomita 160 a awa. Fernando Valenzuela na Meziko, gajere mai tumbi wanda babu mafaraucin da zai zana shi a matsayin abin nema, ya fara kakar 1981 da nasara takwas a jere, biyar daga ciki ba a ci shi ko maki ɗaya ba, ya haɗa kyautar gwarzon sabon shiga da Cy Young a shekara ɗaya.

Sai dai a yi hattara da wannan jerin sunaye, domin yana iya yaudara ta ɗaya ɓangaren. Idan ka ga gajerun majefa a babbar gasa suna yin abin da dogaye ke yi, ba hujja ce cewa tsawo ba ya da tasiri ba. An riga an tace su tun a ƙofa. Dogon da ke da matsakaicin hannu zai samu kwantiragi da shekara huɗu na koyo a ƙananan gasanni. Gajeren da ke da matsakaicin hannu ba a ma ɗauke shi ba. Waɗanda muke gani su ne tsirarun da suka yi fice har aka rasa yadda za a yi a ƙi su.

Wani abin kuma da na'urori suka tono ya juya tsohon lissafi. Jifa mai sauri da aka saka daga ƙasa-ƙasa, aka nufi saman yankin duka da ita, wato sararin da ke bisa farantin inda jifa mai kyau ke bi, tana zuwa kusan a kwance, sai mai sanda ya ga kamar tashi take yi, ya kaɗa a ƙarƙashinta. Wannan makami na gajeru ne da masu sauke hannu. Imanaga, santimita 178, matsakaicin gudun jifarsa mai sauri bai wuce kilomita 148 a awa ba, ƙasa da na gasar, amma a 2024 ya ci wa Chicago Cubs wasa 15 ya faɗi 3, ana cin sa 2.91. Spencer Strider na Atlanta, santimita 183, wanda cinyoyinsa suka zama abin zance a tsakanin 'yan kallo, ya kori mutum 202 a zango 131 da kashi biyu bisa uku a 2022. Cinyoyin nan ba ado ba ne. Ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa, ƙafa ta ture tudu, ƙugu ya juya, hannu kuma ya zama kamar bakin bulala. Masu dambe sun san wannan, naushin da ke kayar da mutum daga ƙugu yake fitowa. Saboda haka nauyin da ke kati ba ya faɗin komai sai an san inda naman yake zaune.

Yanzu ga alƙaluman wasa. Wanda ya fi jan ido shi ne nasara da faɗuwa, kuma shi ne ya fi ƙarya. Majefi ba ya cin maki, hana ci kawai yake yi. In abokansa ba su ci ba, ko ya yi abin al'ajabi ba za a rubuta masa nasara ba. A 2024 Luis Gil na New York Yankees ya ci wasa 15, Skenes ya ci 11, amma Gil 3.50 ake cin sa kuma ya ba da kyautar tafiya 77, Skenes kuwa 1.96. A 2025 Skenes ya ci 10 ya faɗi 10, kamar wani ɗan tsaka-tsaki, alhali 1.97 ake cin sa, kuma shi aka ba Cy Young. Laifin masu sandan Pittsburgh ne aka rubuta a katinsa.

Wannan lamba ta 1.96 ita ake kira ERA. Lissafinta mai sauƙi ne: a ɗauki makin da aka ci majefi da laifinsa, a ninka sau tara, a raba da yawan zangon da ya jefa. Skenes maki 29 aka ci shi a zango 133, shi ne ya ba da 1.96. Ta fi nasara gaskiya, amma ga sabon shiga tana da rauni, domin zangonsa kaɗan ne. Ɗauki yaron da aka kira a watan Agusta ya jefa zango 40 aka ci shi maki 10. ERA ɗinsa 2.25, sai jaridu su fara kirari. Rana ɗaya ta ɓaci aka ƙara masa shida, ta koma 3.60, sai a ce ashe ba shi ba ne. Yaron bai canja ba. Ga kuma sa'a. Wani mai nazarin alƙaluma, Voros McCracken, ya nuna a 2001 cewa da zarar sanda ta taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, majefi ba shi da iko sosai a kan ko za a cafke ta ko za ta faɗi a fili. Kusan uku cikin goma ke zama duka mai amfani, ga gwani da ɗan koyo, bambancin kaɗan ne. Sabon shigan da aka ga nasa ya sauka zuwa biyu cikin goma, yawanci sa'a ce da ƙwazon masu tsaron bayansa, kuma baɗi za ta koma inda ta fito.

Abin da ya rage a hannun majefi shi ne kora, da kyautar tafiya, da ƙwallon da aka doka ta fice daga fili. Waɗannan ukun su ne ba sa sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara, don haka su ne masu hankali ke fara dubawa a katin sabon shiga. Su ma sai an sa su a zamaninsu. Gooden ya kori mutum 276 a zango 218 a 1984, wato 11.4 a kowane zango tara. Skenes 170 a zango 133, wato 11.5. A takarda kunnen doki suka yi. Amma a 1984 matsakaicin gasar bai kai kora shida a zango tara ba, a 2024 kuwa ya haura takwas, domin masu sandan yanzu sun yarda a kore su muddin za su riƙa neman doguwar duka. Gooden ya ninka zamaninsa biyu yana ɗan shekara 19. Na Skenes abin yabo ne, amma bai kai can ba.

A nan ne muka iso lambar da ni nake fara dubawa, wadda ba a cika sa ta a kanun labari ba: yawan zango. Zango 218 da 133 ba bambancin mutum biyu ba ne kawai, tarihin tsoro ne na shekara arba'in.

A 1976 Mark Fidrych na Detroit, ɗan shekara 21, dogo mai gashi buzu-buzu da ke magana da ƙwallo kafin ya jefa, ya ci wasa 19, ana cin sa 2.34. Ya buɗe wasa 29, ya kammala 24 daga farko har ƙarshe shi kaɗai, zango 250 da ɗoriya. Don a ga nisan da aka yi, a 2024 dukkan majefan ƙungiyoyi 30 a haɗe ba su kammala wasa 30 ba. Fidrych ya ji ciwo a gwiwa a farkon 1977, sannan hannu ya mutu, kuma sai a 1985 aka gano cewa jijiyoyin kafaɗarsa ne suka yage. Bayan waccan shekara ta farko wasa goma kacal ya ƙara ci a rayuwarsa. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to besbol cike yake da Larabar da ta yi kyau Juma'a ba ta zo ba. Kerry Wood na Cubs, ƙaton ɗan Texas mai santimita 196, ya kori mutum 20 na Houston ranar 6 ga Mayu, 1998, a wasansa na biyar, yana ɗan shekara 20. Ya zama gwarzon sabon shiga. Kakar 1999 gaba ɗaya a jinya ya yi ta.

Abin da ya yage a hannun Wood wata 'yar igiyar jijiya ce da ke cikin gwiwar hannu, ta ɓangaren da ke kallon jiki, mai riƙe ƙashin dantse da na sangalin hannu kada su buɗe. Duk jifa mai ƙarfi tana ja ta kusa da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Matsalar ita ce tsoka tana girma da atisaye, wannan igiya kuwa ba ta bin sahunta yadda ya kamata. Ƙato mai kilo 110 yana iya samar da ƙarfin da ya fi na siriri, amma ta wannan siririyar hanya duk ƙarfin zai bi. Tiyatar gyara ta, wadda ake ɗauko jijiya daga wani sashe na jiki a dasa, Dakta Frank Jobe ne ya fara yi wa majefin Dodgers Tommy John a 1974, shi ya sa take amsa sunansa. John ya dawo ya ƙara cin wasa 164. Jinyarta takan ci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma yau ta zama ruwan dare har ga yaran sakandare.

Ganin haka ƙungiyoyi suka koma ƙidayar jifa da taƙaita zango. Washington ta lallaɓa Stephen Strasburg, mai santimita 196, wanda ya kori mutum 14 a wasansa na farko ranar 8 ga Yuni, 2010, amma kafin ƙarshen kakar igiyar ta tsinke. A 2012 ƙungiyar ta dakatar da shi a watan Satumba bayan zango 159, lafiyarsa ƙalau, tana kan gaba a gasa, ta shiga wasannin ƙarshe babu shi aka fitar da ita. Miami ta yi wa Eury Pérez, ɗan Dominika mai santimita 203, irin wannan tattali a 2023, har ta mayar da shi ƙaramar gasa a tsakiyar kaka don ya huta alhali yana jifa mai kyau. Zango 91 ya yi a babbar gasa. A watan Afrilu na 2024 aka yi masa tiyatar Tommy John. Strider ma a wannan watan aka yi masa aiki a gwiwar hannu.

Wato an rage kaya amma jaki bai daina gurguncewa ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Majefin da ya san zango biyar ko shida kawai zai yi ba ya ajiye ƙarfi, kowace jifa da iyakar ƙarfinsa yake yin ta. Matsakaicin gudun jifa mai sauri a gasar ya tashi daga kusan kilomita 148 a awa a 2008 zuwa sama da 151 a 2024. Yaro ɗan sakandare ya san cewa lambar da na'urar auna gudu ta nuna ita ce za ta kawo masa mafarauta, sai ya fara bin ta tun ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Rahoton da MLB ta fitar a watan Disamba na 2024, bayan jin ta bakin likitoci da kociyoyi da tsofaffin 'yan wasa sama da 200, ya ɗora babban laifin a kan wannan tseren neman gudu da murɗa ƙwallo. Fidrych mutum 97 kacal ya kora a zango 250, yana barin masu sanda su taɓa ƙwallo abokansa su cafke. Yaron da zai zo da irin wannan salo a yau da wuya ya wuce ƙananan gasanni.

Japan ta bi wata hanya daban, ita ma da nata ciwon. A gasar sakandare ta Koshien a 1998 Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zango 17, aka ɗauke shi gwarzo. A 2019 kocin makarantar Ofunato ya ƙi fito da Roki Sasaki a wasan ƙarshe na lardin Iwate don kare hannunsa, makarantar ta faɗi, ƙasar ta rabu biyu a kan ko ya kyauta. Sasaki ya zo Dodgers a 2025 da tsawonsa da jifar da ta taɓa haura kilomita 160, kafaɗa ta kwantar da shi tun watan Mayu, sai a ƙarshen kaka ya dawo a matsayin mai rufe wasa.

A wannan ƙungiya dai, wadda ta sallami Pedro saboda ƙanƙanta, akwai Yoshinobu Yamamoto, santimita 178, kilo 80. A watan Disamba na 2023 Dodgers ta ba shi kwantiragin dala miliyan 325 na shekara 12 bai taɓa jifa ko ɗaya a MLB ba. Ba ya ɗaga manyan ƙarafa kamar takwarorinsa, atisayensa lanƙwasa jiki ne da jifan wani abu mai kama da mashi. Kakarsa ta sabon shiga ta ba masu shakka abin faɗa, domin kafaɗa ta zaunar da shi kusan wata uku, ya ƙare da zango 90 kacal, ERA 3.00. A wasannin cin kofi na 2025 da Toronto, ya kammala wasa na biyu shi kaɗai, zango tara. Ranar 31 ga Oktoba ya buɗe wasa na shida ya yi jifa 96. Washegari, ba hutun ko kwana ɗaya, aka kira shi a zango na tara na wasa na bakwai, ya riƙe Toronto har zango na 11, Dodgers ta ɗauki kofi, aka ba shi gwarzon gasar.